Ɗakin Kayan Samariya

Duk wanda ya yi ƙuruciyarsa a Madarunfa zamanin Seyni Kountché cikin sahu ya tashi. Sahu da safe a filin lakwal, sahu ran 15 ga Afrilu, sahu ran 3 ga Agusta kowa da dashen itace a hannu, sahu ran 18 ga Disamba a gaban ofishin sufurefe. Kountché ya karɓi mulki a 1974, bai jima ba ya farfaɗo da Samariya, wadda da can al'adar gari ce kawai: sarkin samari da muƙarrabansa, masu kiran gayya in za a yi noma ko yaɓen masallaci. Gwamnati ta ɗauke ta ta mai da ita hannunta a kowace unguwa. Manya suna da abin faɗa a kan wannan, kuma akwai waɗanda har gobe ba su yafe wa zamanin ba, da dalilinsu. Mu yara abin da idonmu ya gani shi ne ganguna, da riguna iri ɗaya, da fita zango bakin tafki, da wani ɗakin ƙasa a bayan lakwal inda ake ajiye kayan jama'a.

Da tuta ake buɗe rana. Tutar Nijar an tsai da ita ran 23 ga Nuwamba 1959, tun ba a kai ga ƴancin kai ba: ruwan goro a sama, fari a tsakiya da da'ira mai ruwan goro, kore a ƙasa. Mushe, wato malaminmu, ya koya mana cewa na saman hamada ce ta arewa, da'irar rana ce, koren kuwa ƙasar noma ta kudu. Mu da muke zaune a bakin Gulbin Maradi, ga tafki ga fadama ga gawo da kuka, ba mu taɓa shakkar cewa koren nan mu ake nufi ba.

Yara biyu ake zaɓa. Ɗaya ya tallabo tutar a naɗe bisa hannuwansa biyu, ɗaya ya kama igiya. Kafin a ja, sai an duba an sake dubawa cewa ruwan goron ne zai hau sama, domin tutar da ta tashi a kife abin kunya ne ga makaranta duka. Ana fara taken ƙasa sai mai igiya ya fara ja, hannu bisa hannu, ba garaje ba jan jiki. Gwaninta ita ce tutar ta taɓa kan sanda daidai lokacin da taken ke ƙarewa. Wanda ya yi sauri sai ya tsaya tsuru yana jiran waƙa, wanda ya yi nawa kuma sai a gama ya rage shi kaɗai yana ja, ana jin kukan ƙarfen sanda. Da la'asar sakaliya, kafin rana ta faɗi, a sauke ta a hankali. Nan ne aikin yake, domin iska na wasa da ita, kuma dole mai tara ya cafke gefenta tun tana sama da kansa. Ba ta taɓa ƙasa. Ba ta kwana a waje. In hadari ya taso, wani ya ruga ya sauko da ita kafin ruwa.

A ofishin sufurefe gardi ne ke busa bigila. Da ka ji ta, a inda kake nan za ka tsaya. Mai keke ya diro ya riƙe kekensa, mai jaki ya ja akala, mai tallar fura ta tsaya cak da ƙwarya a ka. Ba zan ce kowa don ƙauna yake tsayawa ba. Da yawa tsoron gardi ne ke kafe su, kuma zamanin soja ne, ba a musu. Amma na ga tsofaffin da babu gardin da zai iya taɓa su sun katse hira sun miƙe, kuma su ne waɗanda suka san lokacin da wata tuta daban ke kan wannan sandar.

Cikinsu akwai mai gadin lakwal ɗinmu. Tsohon soja ne, ya yi wa Faransa yaƙi a Indoshin, daga nan aka wuce da shi Aljeriya. Baba muke ce masa, malamai ma haka. Makullin ɗakin kaya a wuyansa yake, rataye da igiyar fata tare da layarsa. Shi ke karɓar tuta daga hannunmu kowace yamma. Ya koya mana ninke ta: mutum biyu su kama kusurwa huɗu, a ja ta miƙe, a ninka a tsaye, a sake ninkawa, sannan a taho da ita daga ƙarshe zuwa wajen igiya. Sai ya sa ta cikin wani akwatin kwano tare da busasshen ganyen bedi. In rana da hunturu suka cinye launinta, ruwan goron ya koma fari-fari, bakin ya fara zarewa, ba ya yarda a mai da ita tsumma ko a ba wani ya yi labule. Yakan ɗinke abin da ke ɗinkuwa. Wadda ta wuce gyara kuwa sai ya sanar da darakta, ya kai ta bayan gari shi kaɗai ya ƙone, ya binne tokar.

Wata rana wani daga cikinmu ya tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa a kan ƙyalle. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗiyana, ni na yi shekaru ina sara ma tutar wasu, ta bakin rai. Wagga tawa ce. Ina da rai ba ta taɓa ƙasa."

Mu kuwa soja a majigi muka san shi. Mota ce ke zuwa jefi-jefi, a kafa farin ƙyalle jikin bango, a ta da inji. Sai an fara da na rigakafi da na takin zamani, mu yi ta haƙuri, sannan a sa wanda muka zo dominsa. Da muka ɗan tasa, sai mu riƙa tara kuɗin kamun kifi da na tallar rake mu hau motar ƴan kasuwa zuwa Maradi, tafiyar kilomita ashirin da wani abu, mu shiga silima marar rufi, mu zauna a bencin gaba inda kuɗi ya fi sauƙi kuma wuya ya fi ciwo. Na Indiya ne suka fi cika gida, amma mu na yaƙi muke bi. Ba mu damu da sunan fim ba, sunan jarumi muke riƙewa. Daga baya ne na gane cewa wanda muka yi ta labarinsa wata guda, mai jiragen ruwa birjik da sojoji suna faɗawa cikin teku, shi ne Le Jour le plus long na 1962, labarin saukar sojojin ƙawance a Normandi ran 6 ga Yuni 1944, da John Wayne a ciki. Akwai kuma Les Canons de Navarone na 1961, da na gadar kogin Kwai na 1957, wanda fitonsa ya zauna a bakin kowane yaro. Faransancin cikinsu ya fi ƙarfinmu. Wanda ya kai aji shida shi ke fassara wa na kusa da shi, rabi ji rabi ƙari.

Wajen tsakiyar shekarun 1980 bidiyo ta shigo. Wani ya sayi tele da gurup, ya kewaye fili da zana, dala biyar ka shiga. Nan Rambo da Chuck Norris suka kore tsofaffin, mutum ɗaya ya gama da bataliya bai ko sake harsashi ba. Washegari sai ka ga unguwa ta cika da bindigogin kara, kowa ya ɗaura tsumma a goshi, ana ta gardamar wa zai yarda ya zama wanda za a kashe.

Sau ɗaya muka shawo kan Baba ya zauna kallo, daren da majigi ta zo filin lakwal. Ya zauna a kujerarsa can baya, bai ce uffan ba har aka tashi. Da safe muna ɗokin jin ta bakinsa, sai ya ce, "Su waɗannan ba su cin tuwo? Wa ke ɗebo musu ruwa? Wa ke ɗaukar kaya?" Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce abin da ya sani na yaƙi shi ne kaya a ka, da tafiya cikin taɓo, da ƙafa da ke ruɓewa cikin takalmi, da jira. Harbin ɗan lokaci ne, kuma ba ka ganin wanda ke harbinka. Ya ce a Indoshin ruwa ya fi abokan gaba cin kayan soja: tantin da aka naɗe da danshi, in an buɗe shi bayan wata ɗaya sai ya yage a hannu, kuma waɗanda suka yi ragwancin shanya shi su ne za su kwana ruwa na dukansu. Ya kuma tambaye mu ko mun ga baƙar fata ko ɗaya a cikin duk sojojin nan. Ba mu gani ba, kuma ba mu ma lura ba sai da ya faɗa. Alhali ƴan Afirka dubbai ne suka sauka a gaɓar Provence ran 15 ga Agusta 1944, a wannan yaƙin dai.

Sai da na je Yamai karatu na ga fim ɗin da ya yi kama da Baba. Cabascabo ne, na Oumarou Ganda, wanda shi kansa ya yi soja a Indoshin. Babu jarumi mai tashi sama. Tsohon soja ne ya dawo gida da ɗan kuɗinsa, abokai suka taru suka taya shi cinyewa, suka watse suka bar shi. Daga baya na ga Sarraounia na Med Hondo, wanda ya fito a 1986 ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, daga littafin Abdoulaye Mamani. Labarinmu ne, amma a Burkina Faso aka ɗauke shi. Nan na fara ganin yaƙi a majigi da sunayen garuruwan da na sani: Lugu, inda Sarauniya ta tsaya wa hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, da Birnin Ƙonni da suka ƙone. Ƙarshen mutanen biyu a ƙasar Tasawa ya zo, wajen Maijirgi, a watan Yuli na shekarar, a hannun sojojinsu. Muna yara muna tafa wa John Wayne, ba wanda ya gaya mana cewa a jiharmu ta Maradi aka yi wannan. Har yanzu abin yana yi mini zafi.

Ɗakin kayan bai fi taku shida a biyar ba. Samariyar unguwa da ƴan sikut na lakwal suka haɗa shi. A ciki akwai tantuna na zane mai kauri, da bash, da turaku da guduma, da igiyoyi, da manyan tukwanen ƙarfe waɗanda yaro zai iya zama a ciki, da bokitai, fitilun kananzir, tabarmi, shebur da diga, da gangunan fareti. Ba abin da ke zaune a ƙasa. Baba ya jera duwatsu ya ɗora katakai, ya bar tazara tsakanin kaya da bango, domin gara ta bango take hawa. Yakan barbaɗa toka a gindin duwatsun, kuma duk Juma'a kafin masallaci sai ya zaga da fitila yana neman hanyar gara, in ya gani ya kankare. Tukwane a wanke da yashi, a shanya, a shafa musu man gyaɗa don tsatsa, a kife. Fitilu a juye kananzir ɗinsu, a naɗe gilashin cikin tsumma. Igiya a naɗe ta a gwiwar hannu a rataye, ba a jefar da ita a dunƙule. Hatsi ko ƙwaya ɗaya ba ya kwana a ɗakin, saboda ɓera. Ya ce ɓeran da ya shigo don gero da tanti zai ƙare.

Akwai kaye guda mai baƙin bango, rataye da ƙusa. Baba bai yi lakwal ba, lambobi kawai ya iya, don haka ɗayanmu ke rubutu shi yana ƙirga. Abin da ya fita, wa ya ɗauka, yaushe zai dawo. Ko sarkin samari ne ya aiko a ba shi bash don suna, sai an rubuta. Mutane sun sha jin haushinsa a kan haka, har ana cewa ya ɗauki kayan kamar na gadonsa. Amsarsa ɗaya ce: da nasa ne da ya bayar ba rubutu.

Fitar da ta fi daɗi ita ce ta hutun Disamba, bakin tafki, lokacin da ruwa ya kwanta tsuntsaye suka cika shi, masunta na dawowa da tarwaɗa da karfasa. Kafin mu kafa ko turke ɗaya sai an ja mana kunne game da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin: ba ihu kusa da su, ba fitsari, ba a karya reshe. Sannan a kafa sandar tuta, gora ce doguwa da muke tafe da ita, a share gindinta a jera duwatsu. Tanti kuma ya biyo baya. Da dare sanyi na ratsa bargo, ana gasa kifi, manya na ba da labarin Ɗan Baskore da yaƙe-yaƙen Katsinawan Maradi. Wata shekara an kai mu har bakin dajin Baban Rafi, muka kwana muna jin kukan da ba mu san na mene ne ba.

Ta Agusta ita ce mai wuya. Tun 1975 ranar ƴancin kai ta zama ranar dashen itace, kuma tsakiyar damina ce. Mu fita ƙauyuka da dashen bedi, mu dawo jiƙe sharkaf, tantuna sun yi nauyi ninki biyu, kowa ba abin da yake so sai gida da tuwon uwarsa. A nan Baba ke tsayawa a bakin ƙofa. Ba tantin da zai shiga ɗakin da danshi. Sai mun baza su bisa igiya da katangar lakwal, in hadari ya haɗo mu kwashe, in ya wuce mu sake bazawa, wani lokaci kwana da kwanaki. Shi kuma ya bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, ya kai hanci ya shinshina. In ya ji alamar fumfuna ya ce, "Bai yi ba, ku maida." Turaku kuwa sai sun cika. In ɗaya ya ɓace, wanda aka damƙa wa buhun zai sassaƙo wani daga icce mai ƙarfi ya kawo. A lokacin muna ganin tsanani ne. Amma tantunan nan sun girme mu, kuma ƙannenmu sun kwana a cikinsu.

Amfanin kayan ɗakin na gaske ya fito a 1984. Damina ta ƙi, ga Najeriya ta rufe iyaka tun watan Afrilu, hanyar Ɗan Isa da Jibiya da muke rayuwa da ita ta toshe. Shi ya sa mutane suka sa wa yunwar suna El Buhari, da sunan shugaban Najeriya na lokacin. Jama'a suka gangaro daga arewa, mata da yara, wasu da ragowar dabbobin da ba su iya tsayuwa. Aka buɗe ɗakin. Tukwanen da muke dafa shinkafar zango su aka ɗora ana dama kunu, bash ɗin ya zama inuwar masu jego, mu ƴan sikut muna ɗebo ruwa muna tsai da layi. Da a ce an bar su sun yi tsatsa, ko gara ta cinye, ko wani babba ya ara bai maido ba, da ba abin da za a fitar ran nan. Baba ya sa aka rubuta su a kaye kamar kullum, kuma da abin ya lafa ya bi su ɗaya ɗaya ya karɓo.

Ran 10 ga Nuwamba 1987 Kountché ya rasu a Paris. Aka ce a sauko da tuta rabin sanda. Yaran da ke kan aiki suka ja ta zuwa tsakiya suka ɗaure. Baba ya taho da sandarsa ya ce su kwance: sai ta hau har ƙarshe tukuna, ta ɗan tsaya, sannan a sauko da ita rabi, da yamma ma a mai da ita sama kafin a sauke. Malamai kansu ba su san wannan ba.

Bayan taron ƙasa na 1991 Samariya ta watse, aka ce kayan mulkin soja ce. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai da aka yar da ita ba a tanadi wanda zai riƙe makulli ba. Baba ya tsufa, ido ya tafi, ya miƙa shi. Ban san wani mutum ɗaya da zan ce ya saci wani abu ba. Aro ne ya cinye ɗakin, wannan ya ɗauki bash don biki, wancan tukunya don sadaka, kaye ya daina amsa rubutu. Wata damina rufin ya zuba. Baba ya rasu yana karɓar fanshon da Faransa ta daskarar wa tsofaffin sojojin ƙasashen da ta mallaka tun 1959, ɗan abin da bai kai na takwaransa Bafaranshe ba ko kusa. Sai da fim ɗin Indigènes ya fito a 2006 gwamnatin Chirac ta motsa, lokacin da mafi yawansu suna ƙasa.

Yanzu tuta ta fi da yawa. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ana sayar da ita a kasuwar Maradi kamar ɗankwali, tana jikin kabu-kabu, tana bakin shaguna, matasa na yafa ta a kafaɗa. Taken ma an sauya shi a wannan shekarar, wanda muka rera muna yara ya zama tarihi. Ina murna da ganin yaran yau suna ji da ƙasarsu, ba gardi ba bulala. Amma raina na ɓaci in na ga wadda aka ɗaure tun bara tana nan, rana ta cinye ta, ta yage gida uku, ko wadda ta faɗi a kwata ana takawa. Nakan tsaya in ɗauka, in kakkaɓe, in nemi mai ita.

Zango kuwa ba mai kai yara Baban Rafi yanzu. Ƴan bindiga sun mai da dajin da ƙauyukan Gabi wurin da ake shiga da addu'a, kuma tantunan da yaran jiharmu suka fi sani su ne na ƴan gudun hijirar Zamfara da Sakkwato da Katsina da suka kwararo tun 2019. Duk da haka, kwanan baya wani matashin malami, ɗan ƙanwata, ya zo mini da maganar yana son ya tada ƴan sikut a makarantarsu, ko da a cikin filin lakwal za su riƙa kwana. Ya ce, "Kawu, tanti nawa kake ganin za mu fara da su?" Na tambaye shi ko yana da ɗakin da ba ya yoyo, da katakai, da mutum ɗaya wanda zai iya cewa a'a ga darakta in ya aiko aro. Ya ce ɗaki akwai, katakai za a samu, mutumin ne zai yi tunani. Mun yi da shi in an sha ruwa, bayan girbi, zan je in nuna wa yaran yadda ake ninke tuta da yadda ake naɗe igiya, shi kuma ya sayo kaye.